Gosho da Pesho a Tankin Baba

Jama'a, ku matso kusa. Zornitsa ce taku, Zori ta hawa na shida a birnin Ruse, wadda kuka dame ta da saƙo kuna tambaya ko Yavor ya samu ganin Baba. Ya gan shi. Amma yadda aka yi ganin nan, wallahi ko maƙiyina ba na yi masa fatan irin safiyar da na yi.

Bari in fara da tanki, don wanda bai san tankin Baba ba bai san gidanmu ba. Babana Nikolay shi ke kula da injin wani jirgin dakon kaya a kogin Danub, in ya tafi sai ya yi watanni ba mu sa shi a ido ba. A falonmu, inda mutane ke ajiye talabijin, mu tankin gilashi ne, tsawonsa ya kai doguwar kujera, cike da ciyawar ruwa da duwatsun da ya tsinto da hannunsa a bakin kogi. A ciki akwai 'yan kifayen nan da ake kira gufi, ba su kai ɗan yatsa ba, jelarsu ja wur kamar an tsoma a garin barkono. Tun kafin a haife ni yake haɗa irinsu, yana zaɓar mai ja ya haɗa da mai ja, har ya samu launin da yake cewa ba ya kasuwa. "'Yan matana" yake kiransu. In ya dawo daga tafiya su yake fara gaisarwa, sannan ya juyo ya tuna da mu.

Shi kuma Yavor mai ɗaukar hoton biki ne, dogo, mai kunya, in ya yi dariya sai ya rufe baki da hannu. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba, ina son sa har cikin ƙashina. Mama ma tana son sa, ko da yake ita a halin da take ciki duk wanda ya zo da takalmi mai tsabta za ta so shi. Na kusa talatin, 'ya'yan 'yan uwanta duk sun yi aure, kuma duk bikin da muka je sai ta dawo da ciwon kai ta kwanta da jiƙaƙƙen tawul a goshi don in gani.

Matsalar Baba ce, kuma bakina ne ya jawo. Wata rana ina ba da labari a kan tebur, don a yi dariya kawai, na ce an ba Yavor fure a tukunya ya bar shi ya bushe ƙamas a taga. Kowa ya yi dariya ban da Baba. Ya ajiye cokali ya ce mutumin da bai taɓa raya komai ba, ko ganye, shi za a ba wa 'ya? Tun daga ranar ko sunan Yavor ba ya kamawa, sai dai "mai furen nan".

To, da Baba ya tafi a farkon bazara ya bar mini tanki amana. Labarin fure ya koma kunnen Yavor, ya yi masa zafi, sai ya ƙudurta zai nuna shi ma ya san darajar kifi. Ranar nan sai ga shi da leda cike da ruwa, a ciki wasu 'yan kifi biyu baƙaƙe masu zanen ruwan lemo, kowanne kamar babban yatsa, idanuwa dara-dara. Ya ce oska ne sunansu, dangin karfasa, mai sayarwa a kasuwar Lahadi ya rantse masa ba su da faɗa.

Ku gaya mini, wa zai ga waɗannan idanun ya yi zargi? Na juye su a tankin Baba ina tsalle, na sa musu suna Gosho da Pesho.

Kai, kifin nan ya shiga raina! Gufi kyau gare su, amma ba su san ka ba, ko kai ko bango ɗaya ne a wurinsu. Gosho kuwa da ya ji ƙarar makullina zai taho gaban gilashi yana kaɗa jiki. A hannuna yake karɓar abinci. Pesho ɗan fushi ne, in na canja ruwa sai ya kwanta a gefe ya koɗe kamar wanda aka yi wa rasuwa, sai na lallashe shi da tsutsa yake tashi. Suna ci, suna girma, ina ɗaukar hoto ina tura wa Yavor, shi kuma yana rubuto mini: "Yaranmu sun yi ƙiba, Zori."

Daga babban yatsa suka koma tafin hannu, ban ankara ba. Matatar ruwa ta fara toshewa, kullum ina cikin ɗaukar bokiti daga falo zuwa banɗaki har kafaɗata ta yi tsami. Suka fara tone yashi, suna tumɓuke ciyawa, suna ture duwatsun Baba kamar masu gyaran ɗaki. Gufi kuma na ga kamar suna raguwa, amma na ce wa raina ɓuya suke yi.

Ranar da na gane, ina tsaye da kofin shayi a hannu. Gosho ya taho gaban gilashi yana yi mini rawar da ya saba, sai na hango wata jar jela tana leƙowa daga bakinsa. Ya kalle ni, ya haɗiye.

Na dire kofin, na ɗauko raga, na shiga farautar abin da ya rage. Biyar na samu. Biyar, daga garken da Baba ya bar mini wanda ido ba ya iya ƙirgawa. Na wanke ɗaya daga manyan kwalaben da Kaka ke jiƙa kabeji a ciki, na zuba su, na ajiye kusa da bututun ɗumama ɗakina, na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Da na kira Yavor na gaya masa, sai ya ce, "Na kashe kaina da hannuna, ko?"

Daga nan kiran bidiyon Baba ya zame mini azaba. Duk tashar da jirgi ya tsaya sai ya kira ya ce in nuna masa 'yan matansa. Yau in ce fitilar tanki ta mutu, gobe in ce layi ba kyau, jibi in haska masa kwalba daf da daf yadda ba zai ga komai ba sai jar jela. Ya ce sun yi kyau, ina kula da su. Allah ya sani wannan yabon ya fi mari ciwo.

Muka shirya dabara, kuma kada ku zage ni, na san ba ta da kyau. Baba zai dawo ranar bikin Waliyyi Nikola, waliyyin da Baba ya ci sunansa, shi ya sa a nan muke ce mata ranar sunansa, kuma ranar duk ma'aikatan ruwa. A ranar suna ba a gayyatar kowa kuma ba a korar kowa, duk wanda ya buga ƙofa dole mai gida ya zaunar da shi ya ciyar da shi. Mama ce ta ce wannan ita ce ranar da Yavor zai zo neman aurena, don Baba ba shi da ikon rufe masa ƙofa. Ni kuma nawa shirin shi ne da safe in kwashe Gosho da Pesho, Yavor ya zo da mota ya tafi da su gidansa, in mayar da gufi biyar tanki, in ce wa Baba cuta ce ta shiga ta kashe sauran.

Safiyar ta zo da dusar ƙanƙara, gari fari fat. Mama ta yafa baƙin mayafinta mai geza ta tafi coci kunna kyandir. A banɗaki kuwa tun jiya Kaka Gergina, mahaifiyar Baba, ta saki sharan a bahon wanka, ƙaton kifin kogi da ba a bikin nan sai da shi, yana ta zagaye yana jiran wuƙa. Babu mai wanka a gidan sai an gama da shi.

Kama oska ba wasa ba ne, sai da suka jiƙa ni sharkaf tun daga gashi har silifa. Na samu na zuba su a babbar robar wanki da ruwa mai ɗumi, na rufe da tawul, na tura ƙarƙashin wurin wanke hannu a banɗakin. Na mayar da gufi, na daddasa ciyawar da ta rage kamar mai rufe sanƙo. Sai saƙon Yavor ya shigo.

"Mota ta ƙi tashi, sanyi ya kashe batir. Ina neman mai tura ni."

"Yavor, ka zo ko a ƙafa ne."

"Da robar kifi a kai? Za su daskare kafin in kai kwana."

Na ce ba komai, Baba sai da rana zai iso. Na shige ɗaki na sa koriyar rigata mai dogon hannu da siririn bel, wadda Yavor ya ce tana sa idona haske, na sa 'yan kunnen azurfa na Mama, na tsaya busar da gashi. Injin busar da gashin nan shi ya cuce ni, don ƙararsa ta hana ni jin komai.

Da na kashe shi sai na ji ƙamshin mai yana zafi. Raina ya ba ni wani abu. Na leƙa banɗaki: baho babu sharan, wannan daidai ne. Ƙarƙashin wurin wanke hannu babu roba.

Ban san lokacin da na isa kicin ba. Sharan na kan tebur an riga an cika cikinsa da shinkafa da albasa da gyaɗar dutse, ana jiran a naɗe shi a ƙullu. Kasko na kan wuta. Kaka kuma, da tabaronta a ƙarshen hanci da gaban riga duk ɓawon kifi, ta tsoma hannu biyu a roba ta damƙo Pesho.

"Kaka, ajiye shi!"

Kunnenta ɗaya ne ke aiki, kuma ba shi ne ta juyo mini ba. Ta ɗago shi tana murmushi ta ce ai ta gane, saurayina ne ya aiko, yaron kirki ya san al'ada, ba ya zuwa gidan Nikolay hannu rabbana. Ta ce ƙanana ne amma suna da tsoka, za su yi daɗi da tafarnuwa.

"Ba na ci ba ne, Kaka, na ado ne."

"Ado? Ke dai yarinyar nan, wa ya taɓa yin ado da abinci ranar Waliyyi? Miƙo mini wuƙa."

Na kama hannunta, ta fizge, Pesho ya yi wani irin juyi ya suɓuce. Ya daki gefen tebur, ya faɗo ƙasa, ya zame a kan leda ya fice ta ƙofar kicin har tsakiyar zaure. A daidai lokacin makulli ya juya a ƙofar gida.

Jirgi ya iso da wuri. Baba na tsaye da jakarsa a kafaɗa, dusar ƙanƙara a hularsa, kifi yana birgima a gaban takalminsa.

Bai gaishe mu ba. Ya sauke jaka, ya faɗa kicin ya fizgi tawul ya tsoma a roba, ya dawo ya naɗe Pesho a hankali kamar jariri ya mayar da shi ruwa. Ya sa yatsa ya ji ruwan, ya ce ya huce, wa ya bar oska a ruwan sanyi? Ko tambayar sunan kifin bai yi ba, kallo ɗaya ya yi masa. Ya ɗauki roba ya nufi falo da takalminsa, abin da ko gobara ake yi ba ya yi.

Na bi shi. Ya tsaya gaban tanki. Ya kalli yashin da aka tone, ya kalli duwatsunsa a hargitse, ya kalli 'yan matansa biyar suna yawo a fili fetal. Na ga leɓensa yana motsi yana ƙirgawa, ya gama, ya sake farawa.

Ƙaryar cutar tana kan harshena, na shirya ta tsaf, amma ta ƙi fita. Na ce, "Baba, ni na saka su. Ban sani ba."

Da ya yi faɗa da na ji sauƙi. Sai kawai ya ce in kawo kwalbar da na dinga haska masa a waya. Ashe ya gane kwalba ce tun tuni, ya ɗauka magani nake yi musu na ɓoye masa don kada hankalinsa ya tashi. Ya kwashe gufin da hannunsa ya zuba a ciki, ya juye Gosho da Pesho a tanki don kada sanyi ya kashe su, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Kaka ta leƙo da cokali a hannu tana tambaya ko ta kashe wutar kasko.

Da rana gida ya cika. Abokan aikinsa, maƙwabta, takalma sun taru a zaure har ba wurin taka ƙafa. Baba ya fito da farar riga, yana karɓar gaisuwa, yana zuba wa baƙi barasar inabin da yake haɗawa da kansa, yana dariya inda ya kamata. Ni kaɗai na lura ya juya kujerarsa ya ba tanki baya. Gosho kuwa, marar kunya, sai rawa yake yi wa baƙi suna ta yaba shi.

Na shige banɗaki na rubuta wa Yavor: "Kada ka zo. Ya gani. Na ce ni ce, ka bar shi a haka."

Na ga alamar ya karanta. Ina fitowa aka buga ƙofa.

Yavor ne. Kwat ɗin yayansa ya aro, hannun ya ɗan yi masa gajarta, kunnuwansa sun yi ja don sanyi, furanni a hannu ɗaya kwalbar barasa a ɗaya. Mama ta karɓi furannin har tana tuntuɓe. Baba ya dube shi daga sama har ƙasa, kuma da yake ranar suna ce, ya nuna masa kujera ya sa aka zuba masa sharan. Ina ta yi masa alama da ido ya yi shiru ya ci abinci. Ko cokali bai taɓa ba ya miƙe.

"Kawu Nikolay, kifayen nan ni na sayo. Zori ba ta da laifi, ni na ce mata ba su da faɗa. Na so in burge ka ne, sai na yi maka ɓarnar da ba zan iya biya ba." Ya gyara tsayuwa. "Kuma duk da haka na zo neman aurenta, don in na jira ranar da zan cancanta ban san yaushe ba ce."

Mama ta dafe ƙirji. Ni kuwa ji na yi kamar in nutse, kamar kuma in haye tebur in rungume shi.

Baba ya ajiye kofinsa. Sannan ya tashi ya ɗauko kwalbar gufi daga kan taga, ya dire ta gaban Yavor, tsakanin farantin kifi da burodi.

"Abin da ya rage mini ke nan a duniya na irin nan. Biyar ne, uku mata. Ka tafi da su." Ya nuna tanki da haɓa ba tare da ya juya ba. "Waɗancan 'yan fashin suna nan wurina, tunda babu wanda ya san yadda ake riƙe su a cikinku. In shamuwa ta dawo ka kawo mini 'yan matana. In sun ƙaru, ka maimaita maganar da ka yi yanzu. In sun mutu, kada ka hawo benen nan."

Yavor ya kalli kwalba kamar an miƙa masa garwashi, ya ce ya karɓa. Kaka da ba ta ji rabin maganar ba ta ce a bar yaro ya ci abinci mana.

Kafin magariba ya tafi, don Baba ya ce kada ruwan ya huce. Na raka shi bakin bene, na naɗe kwalbar da gyalena na ulu, ya cusa ta cikin kwat ya rungume da hannu biyu. Ya ce, "Zori, ni da fure ya gagara." Na ce ya rufe mini baki ya kama hanya, bas na jira. Ina dariya, hawaye na zuba, kwalliyata duk ta dame.

Baƙi suka ragu. Ina tattara ƙayoyin sharan a takarda, don ba a zubar da su a shara, kogi ake kai su, sai na saci kallon falo. Baba ya juyo da kujerarsa. Ya ɗora yatsa a gilashi yana ja a hankali, Gosho na bin yatsan duk inda ya yi. Na ji yana ce masa ɓarawo, amma ƙasa-ƙasa, ba da muryar faɗa ba.

Wayata ta yi ƙara. Hoto ne ya fara shigowa, duk ya girgiza, kwalba a kan cinya da kujerar bas a baya. Saƙonni suka biyo a guje.

"Zori, akwai wasu ƙananan abubuwa a ruwan, kamar ido da jela."

"Mai babban cikin ce, haihuwa take yi! A cikin bas!"

"Sun fi goma."

Na daka tsalle har takardar ƙaya ta faɗi. Kafin in rubuta komai wani ya shigo.

"Zori, tana bin su tana cinyewa. Ta cinye biyu. Me zan yi?"

Na shiga uku. Na ruga zaure, ƙafa ɗaya a takalmin sanyi ɗaya a silifa, ina laluben kwat, ban san ma me zan je in yi ba. Ina juyowa na ci karo da Baba. Ashe a bayana yake tsaye, ya karanta komai ta saman kafaɗata. Hannun farar rigarsa a jiƙe har gwiwar hannu, yana ɗigar da ruwa a kan dardumar Mama, ya damƙo ciyawar ruwa ta ƙarshe da ta rage a tankinsa. Ya cusa ta a leda ya danƙa mini, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Ki ce wa Yavor ya zuba wannan a kwalbar, 'ya'yan su samu wurin ɓuya," ya ce. "Me kike kallo? Yi gudu."

Sai da na sauka hawa biyu na tuna abin da kunnena ya ji. Bai ce mai furen nan ba.